Tarbiyyar ƙananan yara a Makka, Madina da Jidda: tambayoyin iyaye da amsoshinsu

A ƙasar Hausa ɗa na kowa ne. Yaro na leƙawa tsakar gida zai ci karo da kaka, da matar baffa, da maƙwabciyar da za ta kwaɓe shi in ya yi ba daidai ba, ta kuma goya shi in yana kuka. A nan Hijaz kuwa iyalan Hausawa da yawa a shiƙƙa suke zaune, ɗaki biyu ko uku a saman bene, ƙofa a rufe, mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki) na aiki dare da rana. Aikin da mutum goma suke yi a da ya dawo wuyan uwa da uba. Amsoshin da ke ƙasa sun shafi yara daga shekara 1 zuwa 8.

Yarana ba sa barci sai ƙarfe 1 na dare, da safe kuma rigima. Ta ina zan fara?

Daga nan ya kamata a fara komai, domin yawancin abin da iyaye ke kira taurin kai rashin barci ne. Yaron da bai ƙoshi da barci ba ba ya yin laushi kamar babba, ƙiriniya yake ƙarawa, abu kaɗan ya sa shi kuka. Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a yini, har da na rana. Ɗan shekara 3 zuwa 5, awa 10 zuwa 13. Ɗan firamare, awa 9 zuwa 12. Tunda makarantu wajen ƙarfe 7 na safe suke farawa, yaron da za a tayar 5:45 bai kamata ƙarfe 9 ta same shi a farke ba.

Rayuwar garuruwan nan ta dare ce, ziyara bayan isha, kasuwa bayan isha, saboda haka gyaran sai da dabara. Kada a ce yau ɗaya za a dawo da shi daga ƙarfe 1 zuwa 9, zai kwanta yana juyi ne kawai har a gaji a ƙyale shi. A fara da lokacin tashi: a tashe shi lokaci ɗaya kullum, har Juma'a da Asabar, kada bambancin ya wuce awa ɗaya. A buɗe labule haske ya shigo. Barcin rana ya ƙare kafin la'asar. Wanda ya yi barci har magariba ya riga ya cinye na dare. Sannan kowane kwana biyu a matso da lokacin kwanciya da minti 15 zuwa 20. Kafin kwanciya a bi abu huɗu a jere ba canji: wanka, goge baki, tatsuniya ko hira, addu'ar barci. Minti 30 ya isa.

Inda abin ke lalacewa shi ne a kwantar da yaro, manya na falo da talabijin da ƙarar kofunan shayi. A rage fitila da murya na rabin awa. Bayan azumi, lokacin da dare ya zama rana, wannan hanyar dai za a sake bi, kuma takan ɗauki makonni.

Ba ya cin abinci, ba ya shiru, sai an ba shi jawwal (wayar hannu). Awa nawa ya dace?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida a 2019: ɗan ƙasa da shekara 2 ba a so a zaunar da shi gaban allon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini, in bai kai ba ma ya fi. Kiran bidiyo da kaka a Kano ko Damagaram mu ba ma lissafa shi cikin wannan, domin hira ce da mutum mai amsawa.

Illar ba ta ido ba ce kawai. Yaro yana koyon magana ne daga wanda zai kalle shi ya ba shi amsa, waya kuwa ba ta jiran ya yi magana. Kuma in duk lokacin da ransa ya ɓaci aka miƙa masa waya, bai taɓa koyon huce kansa ba.

Yadda za a rage: a ware lokaci ɗaya sananne, misali bayan la'asar. A saita ƙararrawa, a ce masa “saura minti biyar”, in ta kaɗa a karɓe. Babu waya a kan faranti, babu ita awa ɗaya kafin barci, babu ita a ɗakin kwana. Kwana uku zuwa biyar na farko zai yi kukan da ya fi na da, yana gwada ko dokar gaske ce. Wanda ya mayar masa a rana ta uku ya koya masa cewa dogon kuka ne mabuɗi. Uba kuma ya duba hannunsa, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Zafi ya hana fita, shiƙƙa ba fili. Ina zai yi wasa?

Ɗan shekara 1 zuwa 4 yana buƙatar motsa jiki na kusan awa 3 a yini, a rarrabe. A watannin da zafin Makka ke haura digiri 45, fita sai da sassafe ko bayan magariba: hadiƙar unguwa (lambun shaƙatawa), ko bakin kornish ga mutanen Jidda. A cikin gida a kawar da tebur, a shimfiɗa katifu ya yi tsalle, a koya masa langa, ɗan maliyo, 'yar gala-gala, a ba shi kwali da murafun tukwane. In za a hau rufin bene, sai da babba, kuma a tabbata tankin ruwa a rufe yake.

Gargaɗi guda da ba wasa a cikinsa: kada a bar yaro cikin mota a rufe, ko da sayen burodi za a shiga. Zafin cikin mota yana ƙaruwa da kusan digiri 10 cikin minti 10, jikin yaro kuma ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Ɗan ƙasa da shekara 10 a kujerar baya yake zama, haka dokar Murur, hukumar kula da zirga-zirgar motoci, ta ce.

Yana zubewa ƙasa yana birgima a baƙala (kantin unguwa) in an hana shi alewa. Me zan yi, ga idon mutane?

Tsakanin shekara 1 da rabi zuwa 4 wannan ba rashin tarbiyya ba ne. Abin da yake so ya fi ƙarfin kalmomin da ke bakinsa. Rabin maganin tun kafin a fita ne: kada a kai shi sayayya da yunwa ko barci a ido, kuma a faɗa masa tun a ƙofa, “Yau laban da burodi za mu saya, kai za ka riƙe ledar.”

In ya zube, a tsuguna daidai tsayinsa, a yi magana sau ɗaya da murya ƙasa: “Na san kana so. Ba yau ba.” Kada a shiga dogon bayani, a wannan halin ba ya ji. In bai tashi ba a ɗauke shi a fita waje, a jira ya huce, yawanci minti biyar zuwa goma. Bayan ya huce a rungume shi, a ci gaba da abin da ake yi ba tare da gori ba. Kuskure biyu aka fi yi, duka kunyar mutane ke jawo su: a saya masa don ya yi shiru, ko a kai masa mari. Na farko ya tabbatar da cewa gobe zai sake, na biyu ya ƙara wa kukan tsawo.

Mu da duka aka rene mu. In ban dake shi ba, ba zai lalace ba?

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, gaskiya ne, amma tanƙwara aka ce. Duka yana tsayar da laifi na minti ɗaya, abin da yaro ke ɗauka daga ciki kuwa shi ne ya ɓoye laifinsa, kuma babba yana da damar dukan ƙarami, darasin da zai je ya gwada a kan ƙanwarsa. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko “tir” ba. Hadisin da masu duka ke kafa hujja da shi kuwa a kan sallah yake magana, kuma a shekara goma, ba ɗan shekara 3 da ya zubar da shayi ba.

A sani kuma cewa Saudiyya tana da dokar kare yara tun 2014, wadda ta haramta cutar da yaro da sakaci da shi. Layin taimakon yara shi ne 116111, na kai rahoton cin zarafi a gida 1919. Malaman makaranta da likitoci suna da alhakin kai rahoto in sun ga tabo.

Abin da ke aiki a madadin duka shi ne hukuncin da ya yi kama da laifin, ya zo nan take, kuma gajere. Ya zubar da ruwa da gangan, a ba shi tsumma ya goge. Ya jefi wani da motar wasa, a ɗauke motar har gobe. Ya doki ƙaninsa, a zaunar da shi gefe inda ake ganinsa, minti ɗaya ga kowace shekara: ɗan shekara 4, minti 4. Ban da kulle shi a ɗaki mai duhu, ban da tsorata shi da dodo, aljani, ɗan sanda ko allurar likita. Ranar da za a kai shi rigakafi za a ga sakamakon. Dokokin gida kada su wuce huɗu ko biyar, kuma Baba da Umma su faɗi abu ɗaya. In suna da saɓani su yi shi bayan yara sun kwanta. Zagi irin su “shashasha” da “ɗan banza” ya fi bulala daɗewa a jiki, baki kuma na uwa ba abin wasa ba ne.

Wane aiki zan ba shi, kuma daga yaushe?

Daga shekara 2 zuwa 3: mayar da kayan wasa cikin kwando, kai kayansa masu datti wurin wanki. Shekara 4 zuwa 5: shimfiɗa ledar cin abinci, jera takalma a bakin ƙofa, naɗe darduma bayan sallah, cika gorar ruwansa. Shekara 6 zuwa 8: gyara gadonsa, haɗa jakar makaranta tun dare, wanke kofinsa, miƙa wa baƙo ruwa da dabino da hannun dama.

A nuna masa sau biyu, a yi tare sau uku, sannan a bar shi. Zai yi a karkace. Kada a bi bayansa a gyara yana gani, in ba haka ba ya gane cewa nasa ba ya ƙirguwa. Yabo ya faɗi abin da aka yi: “Ka jera takalman Baba daidai, madalla”, ya fi “yaron kirki” amfani, domin ya san me zai maimaita. Maza da mata duka su yi. Gidan da mace 'yar shekara 7 ke kwashe kwanon yayanta ɗan shekara 9 yana kwance, ba gata aka yi masa ba. In akwai mai aiki a gida, aikin yaro na yaro ne, kuma ya gaishe ta kamar yadda zai gaida gwaggonsa.

In riƙa ba shi masarufi (kuɗin kashewa)?

E, daga shigarsa firamare. Riyal 3 zuwa 5 a rana na maƙsaf (kantin makaranta) ya wadatar, in akwai hali. Wajen shekara 8 a koma ba shi na mako a dunƙule. In ya cinye ranar Litinin, ya tafi da abincin gida har Alhamis, kada a ƙara. Kuɗin barka da sallah a raba uku tare da shi: na kashewa, na asusu, na sadaka da zai miƙa da hannunsa. In uwa ta ce “kawo in ajiye maka”, to ta ajiye da gaske.

Ina yi masa Hausa yana mayar mini da Larabci. Hausar ta tafi ke nan?

Ba ta tafi ba tunda yana ji, amma tana bakin ƙofa. Hausawa sun daɗe a Hijaz, tun zamanin da alhazai ke tahowa a ƙasa ta Chadi da Sudan su tsallako Bahar Maliya. Sun bar sunan Hausawi a kan iyalai, har tsire ya zama siriya a bakin mutanen Makka. Duk da haka akwai gidajen da jika ba ya iya hira da kakarsa, kuma abin yana faruwa ne cikin zuriya biyu kacal.

Larabci ba ya buƙatar taimakon iyaye: rauda (nazare), makaranta, hara (unguwa) da talabijin duk suna koyar da shi. Hausa ce ba ta da kowa sai gida. Saboda haka gida ya zama na Hausa. In ya amsa da Larabci kada a tsawata, kada a yi kamar ba a ji ba. A maimaita abin da ya faɗa da Hausa a ci gaba. Ya ce “abgha moya”, a ce “Ruwa kake so? Ga ruwa.” In ya karya harshe, ya ce wa mace “kai”, a hana yayye dariya, domin dariyar nan ce ke rufe bakin yara da yawa har abada. Tatsuniya ɗaya kowane dare, Gizo da Ƙoƙi, a fara da “ga ta nan ga ta nanku” shi ya amsa “ta zo mu ji ta”. A koya masa gaisuwa cikakkiya, da sunayen dangi: kawu daban, baffa daban, inna daban, gwaggo daban. A haɗa shi da yaran da ke jin Hausa, ko da ziyarar Juma'a ce zuwa wurin dangi a Shara Mansur da ke Makka.

Harshe biyu ba ya jinkirta magana. Cakuɗa su a jimla ɗaya kuma abu ne da duk mai harshe biyu yake yi yana ƙarami.

Ɗan farina ne, ina jin nauyin kiran sunansa ko wasa da shi. Laifi ne?

Kunyar ɗan fari kyakkyawar al'ada ce a inda ta tsiro. A can, in uwa ta kau da kai, akwai kakar da za ta ɗauke shi, ta yi masa kirari, ta kira shi maigidanta. A shiƙƙa babu wannan kakar. In uwa ta kau da kai, babu wanda ya juyo. Yaron bai san sunan abin alkunya ba, abin da ya gani shi ne ana rungumar ƙaninsa shi ba a rungumarsa.

A sa masa laƙabi in sunan ne da nauyi, a yi kara gaban surukai in ana so, amma a cikin gida a ɗauke shi, a sumbace shi. Lokacin da Aƙra'u ɗan Habis ya ga Annabi (SAW) ya sumbaci Hasan, ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, amsar da ya samu ita ce wanda ba ya jin ƙai ba a jin ƙansa. Kowane yaro ya samu minti 10 a rana nasa shi kaɗai, shi zai zaɓi wasan, ba waya ba gyara. Uban da ke dawowa aiki a gajiye ma zai iya wannan.

Ba ya cin tuwo sai burost (soyayyar kaza) da lemon gwangwani.

Iyaye su zaɓi abin da za a ci da lokacinsa, yaro ya zaɓi yawan da zai ci. Abinci uku, ɗan taɓa-ka-lashe biyu, tsakaninsu ruwa kawai. A zuba kaɗan, kamar cokali ɗaya na kowane abu ga kowace shekara, ya nemi ƙari da kansa. Sabon abinci yakan ɗauki gwaji goma ko fiye kafin ya karɓu, don haka miyar kukar da ya ture sau biyu ba ta faɗi ba tukuna. Ɗura da bin sa da cokali ɗaki-ɗaki suna ƙara masa ƙin abincin.

Gwangwanin lemo ɗaya yana ɗauke da sukari wajen giram 35, alhali abin da likitoci ke so kada yaro ya wuce a yini giram 25 ne. Kada a ajiye shi a firij, shi ke nan. Ɗan ƙasa da shekara 4 a cire masa ƙwallon dabino, a tsaga inabi ta tsawo, kada a ba shi gyaɗa guda-guda. Zuma sai ya cika shekara.

Ya fara ƙarya.

Kafin shekara 5 yaro bai gama raba abin da ya faru da abin da ya so ya faru ba. Bayan nan yawanci tsoro ne. Kada a tambayi abin da aka riga aka sani, maimakon “wa ya fasa?” a ce “Kofi ya fashe, ɗauko tsintsiya.” In ya faɗi gaskiya a sassauta hukunci, a gaya masa dalili. Manya kuma su daina “yi shiru zan sayo maka” in ba za su sayo ba. Annabi (SAW) ya gaya wa wata uwa da ta kira ɗanta da alkawarin ba shi abu cewa da ba ta ba shi ba, da an rubuta mata ƙarya.

Yaushe zai fara sallah, kuma zan iya kai shi Harami?

Umarni daga shekara 7 ne. Kafin nan kwaikwayo ne: ƙaramar darduma kusa da ta babba, ba gyara mai yawa. A shekara 7 a fara da sallah ɗaya, magariba ta fi sauƙi, a ƙara wata bayan wata ɗaya ko biyu. A halaƙar tahfizi, aya uku zuwa biyar da suka zauna sun fi shafi guda da kuka. A riƙa tambayarsa yadda malam yake da su.

Harami a kai shi lokacin da babu cunkoso, da hantsi a watannin da ba na Ramadan ko aikin Hajji ba. A ɗaura masa abin hannu mai lambar wayar uba, ya haddace cikakken sunansa, a nuna masa masu kakin tsaro a ce in bai ga Baba ba ya tsaya inda yake ya gaya wa ɗayansu.

Yaushe ne abin ya wuce na gida, sai likita?

In ya cika shekara ba ya waiwayowa in an kira sunansa. In ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya. In ya cika shekara 2 bai haɗa kalma biyu ba, a kirga na Hausa da na Larabci tare. In ya daina abin da ya riga ya iya, a kowane lokaci. Haka nan birgimar da ke wuce minti 25 kusan kullum, ko wadda yake ji wa kansa ciwo, da munshari mai ƙarfi kowane dare. Fitsarin kwance kafin shekara 5 ba ciwo ba ne, bayan nan ma ba da gangan yake yi ba, kada a yi masa waƙar amalala. In ya kai shekara 7, ko ya dawo bayan wata shida da dainawa, a gwada shi. A fara da markaz sihhi (cibiyar lafiya) na unguwa ko mustausaf (ƙaramin asibiti), a nemi gwajin ji kafin komai in maganar ce ta yi jinkiri. Layin Ma'aikatar Lafiya 937 yana ba da shawara dare da rana, motar gaggawa ta Hilal Ahmar kuwa 997.